Yadda Shuka Ke Gane Ƙwayar Cuta: Darasi Ga Manoman Citta Na Kudancin Kaduna

Gabatarwa

A daminar 2023, daga wajen watan Agusta, wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Jihar Kaduna. Ganye ya riƙa yin ɗorawa yana bushewa kamar an babbake shi, kara ya kwanta, idan aka tona sai a tarar citta ta ruɓe a cikin ƙasa. Cikin 'yan makonni cutar ta game ƙananan hukumomin Kachia, Jaba, Kagarko, Jema'a da Zangon Kataf, ta kuma taɓa sassan Nasarawa da Filato da yankin Abuja. Hukumomi sun danganta ta ga ƙwayoyin funfuna. Gwamnatin Tarayya ta ƙiyasta asarar manoma a kan sama da naira biliyan 12, ta kuma kafa kwamitin yaƙi da annobar a 2024. Duk wanda ya san wannan yanki ya san matsayin citta a gida: da ita ake biyan kuɗin makaranta, da ita ake sayen kwanon rufi, da ita ake aurar da 'ya'ya. Manoma da yawa ko irin shukawa na shekara mai zuwa ba su tsira da shi ba.

Tambayar da aka fi yi mana a tarukan manoma, daga Fadan Kaje da Zonkwa har Kafanchan da Kwoi, ita ce wane magani za a fesa. Akwai wata kuma da dattawa suka fi yi, wadda a ganina ta fi nauyi: me ya sa gonar kowa ta kama a lokaci guda, ta mai taki da ta marar taki, ta mai ƙwazo da ta malalaci? Amsar wannan tana buƙatar a fara sanin yadda shuka ke gane ƙwayar cuta, da yadda ƙwayar ke ɓoye kanta, da kuma abin da ya bambanta citta da masara ko wake a wannan fanni.

Garkuwa iri biyu

Jikin ɗan Adam da na dabbobin gida yana da garkuwa iri biyu. Ta farko ita ce wadda aka haife shi da ita. Tana tashi cikin mintoci ko sa'o'i kaɗan, ko da jikin bai taɓa haɗuwa da cutar ba. Ta biyu mai koyo ce: tana ɗaukar kwanaki kafin ta shirya, amma idan ta san cuta sau ɗaya takan riƙe kamanninta shekara da shekaru. Dalili ke nan da ya sa yaron da ya yi ƙyanda ba ya sake yin ta, kuma wannan garkuwar ce allurar rigakafi ke horarwa.

Shuka ba ta da ta biyun. Ba ta da jini mai zagawa, ba ta da fararen ƙwayoyin jini da za ta tura wurin da aka kawo hari. Jikinta an gina shi da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira sel, kuma kowane sel shi ke tsaron kansa da kayan da ya gada. Abin da shuka za ta iya ganewa a rubuce yake a ƙwayoyin gadonta tun ranar da aka dasa ta. Ba za ta ƙaro wani ba a tsakiyar damina.

Sanin yadda wannan garkuwa ta haihuwa ke aiki bai daɗe ba. A 1989 wani masani ɗan Amurka, Charles Janeway, ya kawo ra'ayin cewa dole jiki yana da wasu furotin da ke gane alamun da ƙwayoyin cuta suka yi tarayya a kansu. A 1996 ƙungiyar Jules Hoffmann a Faransa ta gano irinsu a jikin ƙaramin ƙudan 'ya'yan itace, a 1998 Bruce Beutler ya gano a jikin ɓera, aka ba su biyun lambar Nobel a 2011. Masana shuke-shuke sun bi tasu hanya suka tarar da abu mai kama da wannan ƙwarai. Ashe ƙuda da ɓera da shinkafa tsarin gadinsu na farko kusan ɗaya ne.

Masu gadin ƙofa

A fatar kowane sel na shuka akwai furotin masu yawa da za mu kira masu gadin ƙofa. Kan kowanne yana leƙe a waje, jelarsa tana ciki. Aikinsu kamar na karen gida ne: bai san sunan kowane baƙo ba, amma ya san warin da ba na gida ba. Ƙwayoyin cuta dubbai ne, ba zai yiwu a ware wa kowace nata mai gadi ba, saboda haka abin da suke nema shi ne 'yan abubuwa kaɗan da ƙwayoyin ba sa iya rayuwa sai da su, waɗanda kuma babu su a jikin shuka.

Bakteriya da yawa suna iyo da wata siririyar jela da aka gina da furotin mai suna filajelin. A 1999 masu bincike a ɗakin gwajin Thomas Boller da ke birnin Basel a Suwizalan suka nuna cewa wani ɗan guntu na wannan furotin, mai gaɓoɓi 22 kacal, ya isa ya tayar da hankalin sel na tumatir da na wasu shuke-shuke. A 2000 suka gano mai gadin da ke jin sa, suka sa masa suna FLS2. Ita kuwa funfuna, bangon jikinta yana ɗauke da wani sinadari mai tauri da ake kira kaitin, irin wanda ke ɓawon fara da kyankyaso. Shuka ba ta yin kaitin ko kaɗan. Takan zubar da wasu sinadarai masu gutsurar bangon funfuna, guntayen da suka faɗo kuma su ne masu gadi ke kamawa. Masu bincike a Japan ne suka fara gano mai gadin kaitin a jikin shinkafa a 2006.

Ɗaya daga cikin masu gadin da aka fara sani ma daga yankinmu ya fito. Wata shinkafar daji da aka ɗebo daga ƙasar Mali ta nuna juriya ga bakteriyar da ke ƙona ganyen shinkafa. Aka haɗa ta da shinkafar gida a cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin, sannan a 1995 Pamela Ronald da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya suka ware ƙwayar gadon, wadda ake kira Xa21. Sai a 2015, bayan shekara ashirin, aka tabbatar da ainihin alamar da take ganewa a jikin bakteriyar. Ciyawar da manomi zai iya nomewa a bakin fadama ita ce ta ba manoman Asiya kariya.

Akwai kuma masu gadin da ba baƙon suke nema ba, ɓarnarsa suke ji. Idan ƙwayar cuta ta fara narkar da bangon sel don ta shiga, ɓaraguzan bangon kan watsu, sel na kusa su ji su. Kamar maigida ne ya fito da asuba ya tarar da ƙasar katangarsa a tsakar gida: ko bai ga kowa ba ya san an yi yunƙurin shiga.

Abin da ke biyo bayan ganewa

Da zarar mai gadi ya kama alama, cikin mintoci kaɗan sinadarin kalsiyam kan kwararo cikin sel, wanda shi ne ƙararrawar farko. Sel ya fesar da sinadarai masu ƙuna, ciki har da irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a asibiti. Ƙananan ƙofofin numfashi da ke bayan ganye su rufe don kada bakteriya su bi ta nan. Cikin sa'o'i sel ya yi wa bangonsa yaɓe a daidai inda ake haƙa, ya kuma fara haɗa gubar da ke kashe funfuna. Yaji da man da ke cikin citta, waɗanda saboda su 'yan kasuwa ke neman cittar Kachia da Kwoi, gwaji ya nuna suna hana wasu ƙwayoyin girma.

Daga wurin da aka kai harin saƙo kan tafi sauran ganyaye, su zauna cikin shiri na kwanaki ko makonni. Sinadarin salisilik, ɗan uwan ƙwayar asfirin, yana cikin masu wannan aiki. Shirin na kowace irin cuta ne, ba ya riƙe kamannin wata guda, kuma yakan gushe. A nan zan ɗan ratse: an sha tambayata ko a narkar da asfirin a fesa wa citta. Ba na ba da wannan shawara. Abin da ke aiki a kwalba a ɗakin gwaji ba lallai ya yi aiki a gona mai laka a watan Agusta ba, kuma idan ya yi yawa yakan ƙona ganye.

Wannan gadi na farko shi ne babban dalilin da ya sa ƙasar gona, wadda kowane cokalinta ke ɗauke da miliyoyin ƙwayoyi, ba ta kashe abin da aka shuka. Tsatsar masara ba ta kama citta, kuturtar gyaɗa ba ta kama dawa. Amma tsaron yana da tsada. Tsiron da aka jiƙa da alamar bakteriya ba fasawa yakan tsumbure, domin abincin da zai girma da shi ya tafi wajen yaƙi. Shi ya sa shuka ba ta zama cikin shirin yaƙi kullum, sai ta ga dalili.

Yadda cuta ke zamewa

Ƙwayar da ke iya sa wa shuka cuta ita ce wadda ta samu hanyar wuce masu gadin ƙofa. Hanyoyin suna da yawa. A 2010 masu bincike a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan suka nuna cewa funfunar da ke kama ganyen tumatir tana zubar da wani furotin mai tsince guntayen kaitin kafin su isa ga mai gadi, kamar ɓarawon da ke share sawunsa yana tafiya. Wata bakteriyar tana yin gubar da ke sake buɗe ƙofofin numfashin da ganye ya rufe. Bakteriyar Ralstonia, mai sa tumatir da dankalin turawa da citta su yanƙwane, ta sauya fasalin wancan guntun jelar yadda FLS2 ba ya jin ta, sannan tana da wata 'yar allura da take ɗura wa sel furotin gommai masu kashe ƙararrawa daga ciki.

Pythium, wadda ta fi kowace ƙaurin suna wajen ruɓar da citta a duniya, tata dabarar daban ce. A ido kamar funfuna take, amma asalinta ya fi kusa da gansakukar ruwa, kuma bangonta kusan babu kaitin. Mai gadin kaitin ba shi da abin kamawa sosai a jikinta. 'Ya'yanta suna iyo a cikin ruwan da ya kwanta a gona, suna bin ƙamshin saiwa, idan sun isa kuma sai su narkar da sel da gaggawa. A riƙe wannan bambanci, domin zai dawo idan an zo maganar magani.

Masu gadin cikin gida

Shuka tana da sahu na biyu. A cikin sel akwai wasu furotin da ke jiran waɗancan makaman da ƙwayar cuta ke ɗurowa, ko kuma su lura idan an taɓa wani muhimmin abu na gida. Shinkafa tana da ƙwayoyin gado sama da 400 na irin waɗannan masu gadi. Kowanne takamaiman makami yake ganewa, ba kamar na ƙofa da ke jin alamar gama-gari ba. Idan ya gane, martanin yana da tsanani: sel ɗin yakan kashe kansa tare da na kewaye, ƙwayar cutar ta maƙale a cikin matattun sel ba abinci. Ƙananan ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa da ake gani a ganyen iri mai juriya, waɗanda ba sa faɗaɗa, sau da yawa tabon wannan yaƙi ne, kuma alama ce ta nasara. A 2019 masana a ƙasar Sin suka ɗauki hoton ɗaya daga cikin masu gadin yana aiki: guda biyar ne ke haɗuwa su yi zobe, su huda fatar sel.

Tun a shekarun 1940 Harold Flor ya gano ƙa'idar wannan al'amari a Amurka, yana nazarin tsatsar wani tsiro da ake saƙa da zarensa. Juriya tana tabbata ne idan shuka tana da ƙwayar gadon ganewa, cutar kuma tana ɗauke da abin da ake ganewa. Idan ɗaya ya ɓace, cuta ta ci.

Misalin da ya fi kusa da mu yana gonar wake. Wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, tsiro ce, amma tana shiga saiwar wake kamar yadda ƙwayar cuta ke shiga. Wani waken gargajiya na ƙasar Botswana mai lamba B301 yana hana ta: da ta huda saiwa sai sel na wurin su mutu, ita ma ta bushe. Masu kyautata iri a cibiyar IITA da cibiyar IAR ta Samaru sun yi amfani da irin wannan juriya, har aka fitar da iri kamar SAMPEA 10 a 2008. A 2009 aka ware ƙwayar gadon da ke kare B301 daga jinsin wuta-wutar da ke Nijeriya da Nijar, aka tarar mai gadin cikin gida ne. Amma a yankin Zakpota na Jamhuriyar Benin akwai wani jinsin wuta-wuta da ke cin B301 ba tare da an gane shi ba. Iri mai juriya a Kano yana iya zama marar kariya a wani wuri, kuma juriyar da ke aiki bana tana iya karyewa nan gaba.

Wani abin lura shi ne, kashe sel yana amfani ne a kan ƙwayoyin da ke buƙatar sel mai rai, kamar tsatsa da bairos. Masu ruɓarwa irin su Pythium matattun sel ne abincinsu, don haka wannan makami bai cika yi musu illa ba.

Matsalar citta

Yanzu sai mu koma ga tambayar dattawa. Masara da wake da gyaɗa suna yin fure su yi 'ya'ya, kowane ƙwaron masara kuma yana ɗauke da gaurayen gado daga uwa da uba. A gonar masarar gargajiya ba a samun tushe biyu masu gadi iri ɗaya sak. Idan cuta ta zo takan ci wasu ta bar wasu, kuma daga waɗanda suka tsira ake samun iri. Haka aka yi da kuturtar gyaɗa, wadda ta lalata wajen hekta 700,000 a arewacin Nijeriya a 1975: an yi ta haɗa jinsuna masu juriya da aka samo daga iyakar Burkina Faso da Kodebuwa da wasu masu saurin nuna, har aka samu jerin irin SAMNUT.

Citta ba ta ba da wannan dama. Ko ta yi fure ba ta ƙulla 'ya'ya. Abin da muke kira irin citta yanki ne na jikin uwar, kuma abin da ya tsiro daga gare shi uwar ce dai ta sake fitowa, da masu gadinta ba ƙari ba ragi. An fara noman citta don sayarwa a kudancin lardin Zazzau wajen 1927, kuma har yau iri biyu ne suka mamaye yankin: Tafin Giwa mai ruwan ɗorawa, wadda ta fi yawa nesa ba kusa ba, da Yatsun Biri. Ta fuskar gado, Tafin Giwar da ke Fadan Kaje da wadda ke Kubacha da wadda ke Kachia kusan shuka ɗaya ce aka yayyanka aka baza a dubban gonaki. Ƙwayar cutar da ta iya wuce masu gadin tushe ɗaya ta riga ta iya wuce na saura. Taki da noma a kan kari suna ƙara wa shuka ƙarfi, amma ba sa ba ta mai gadin da ba ta gada ba.

Ba wannan kaɗai ya kawo annobar 2023 ba. Ruwan Agusta da Satumba, da maimaita citta a fili ɗaya, da yawon iri daga kasuwa zuwa kasuwa ba tare da dubawa ba, duk suna buɗe wa irin wannan cuta hanya. Amma kamannin gado shi ne ya sa da ta tashi ba abin da ya tare ta. An ga haka a wasu wurare. Dankalin ƙasar Ayalan, wanda yawancinsa iri ɗaya ne da ake dasawa daga jiki, ya ruɓe daga 1845, yunwar da ta biyo baya ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya. Cutar ganyen gwaza ta kusan share gwazar tsibirin Samowa a 1993, kuma a ƙarshen 2009 aka fara ganin ta a kudu maso gabashin Nijeriya. Mutanen Samowa sun farfaɗo ne da suka kawo jinsunan Asiya suka haɗa da nasu, domin ita gwaza ana iya sa ta yi 'ya'ya.

Ga citta hanyoyin sun fi ƙunci. Masu bincike a jihar Kerala ta Indiya sun samu wata 'yar uwarta ta daji da ke jure wa Pythium, amma rashin 'ya'ya ya hana a haɗa su ta hanyar da aka saba. Abin da ya rage shi ne shigo da wasu irin daga waje bayan an tantance su, da neman bambancin da kan ɓullo jefi-jefi a gona, da yaɗa iri mai tsabta a kwalabe a ɗakin gwaji. Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta ƙasa da ke Umudike ita ke da alhakin binciken citta. Sai dai a sani, irin kwalba yana zuwa ba cuta a jikinsa, amma masu gadinsa na uwarsa ne. Idan aka dasa shi a ƙasa mai cuta zai kamu.

Manomi yana da rawar takawa a nan. Idan cuta ta ci gona ta bar wasu tushe kore shar a tsakiyar matattu, a kafa musu sanda, a tona su daban, a sanar da malamin gona. Kada a haɗa su da sauran iri, kada kuma a sayar da su da sunan masu juriya. Mafi yawansu dace suka yi cutar ba ta kai gare su ba, wasu ma suna ɗauke da ita a ɓoye. A dasa su a wani ɗan fili nesa da babbar gona a gani shekara biyu ko uku.

Aikin da ya rage ga manomi

Tun da citta ba za ta koyi sabon gadi ba, aikin manomi shi ne ya rage yawan ƙwayoyin da ke isa gare ta, ya kuma guji abin da ke raunana gadin da take da shi.

Iri shi ne kan gaba, domin cutar da ta shigo a cikin irin ta riga ta wuce ƙofa. A zaɓi irin tun citta tana tsaye a gona, wajen Satumba zuwa Oktoba, daga sashen da ganye bai nuna komai ba. Irin da aka saya a buhu a kasuwa ba a san gonar da ya fito ba. Lokacin yankawa a yar da duk wanda cikinsa ya yi duhu, ko ya yi laushi, ko ya yamutse. Kowane yanka rauni ne a buɗe, don haka a riƙa tsoma wuƙa a ruwan bilic, kashi ɗaya na bilic da kashi biyar na ruwa. A yanka gunduwa mai nauyin giram 20 zuwa 25 mai ido ɗaya ko biyu, a jiƙa minti 30 a ruwan mankozeb, giram 3 a kowace lita, sannan a shanya a inuwa har wurin yankan ya bushe ya yi fata kafin a kai gona. Wannan fatar katanga ce da shukar ta gina da kanta, gaggawar dasawa kuwa tana hana ta. Mai jiƙawa ya sa safar hannu, kada kuma a ci ko a sayar da cittar da aka jiƙa.

Sai ruwa. Saiwar da ta kwana a ruwa ba ta samun iska, kuma sel marar iska ba ya iya tayar da martani da ƙarfi, a daidai lokacin da 'ya'yan Pythium ke iyo zuwa gare shi. A ɗaga kunya ko fangali sosai, a fitar da magudana kafin Agusta, a kuma lura kada ruwan gonar da ke sama ya bi ta cikin taka. Lulluɓe gona da ciyawa bayan shuka al'ada ce mai kyau da manoman wannan yanki suka ƙware a kai, kuma tana hana ruwan sama fantsama ƙasa a kan ganye. Sai dai kada a yi lulluɓin da ganyen tsohuwar citta.

Filin da cuta ta ci a huta masa da citta aƙalla shekara uku, a sa masara ko dawa ko acca. A guji tumatir da barkono da yalo da dankalin turawa a wannan tsakani, domin Ralstonia tana rayuwa a jikinsu. Takin yuriya idan ya yi yawa yakan sa kara ya yi taushi da ruwa, bangon sel ya yi sirara. A raba shi kashi-kashi, a haɗa da mai sinadarin fotash da ruɓaɓɓen takin gargajiya. Wajen cire ciyawa a yi hattara da fartanya, domin rauni ƙofa ce da ba mai gadi, haka ma hudar da tsutsar saiwa ke yi.

Gane cutar kafin sayen magani

Cututtukan da ke sa citta ɗorawa sun yi kama da juna daga nesa, amma maganinsu ba ɗaya ba ne. Idan gindin kara ya yi ruwa-ruwa, aka ja shi ya tsinko ba wuya, citta kuma ta yi laushi tana wari, ana zargin Pythium. Idan ɗorawar ta fara daga ganyen ƙasa tana hawa a hankali, kara na tsaye, citta ta bushe ta yamutse da duhu a ciki, ana zargin funfunar Fusarium. Idan ganye ya naɗe ya yanƙwane yana kore, a yanki kara kusa da gindi a rataya bakin yankan cikin kofin gilashi mai tsabtataccen ruwa, kada a motsa. In bayan 'yan mintoci aka ga wani farin zare kamar madara yana sauka, bakteriya ce.

Maganin metalaksil, wanda ke cikin Ridomil Gold da makamantansa, Pythium da danginta yake kashewa. Ba ya taɓa Fusarium, ba ya taɓa bakteriya. Mankozeb kariya yake yi a saman ganye kafin cuta ta shiga, ba ya warkar da abin da ya riga ya ruɓe a ƙasa. Yanƙwanewar bakteriya kuwa ba ta da maganin feshi a gona: a tumɓuke tushen da ƙasar da ke kewaye da shi, a zuba a buhu a fitar, a ƙone, a kuma hana ruwa da ƙafa bin wurin. Sau da yawa ƙwayoyi biyu ko uku ne ke haɗuwa a gona ɗaya, kuma ɗakin gwaji ne kaɗai ke rarrabe su.

Wanda zai aika samfur ya tono tushen da ya fara nuna alama amma bai mutu ba, da saiwarsa da ɗan ƙasa, domin wanda ya ruɓe sarai ƙwayoyin da suka zo daga baya sun cika shi. Ya naɗe shi a takarda ko jarida, ba a leda ba, ya rubuta sunan ƙauye, da ranar shuka, da inda ya samo irin, da abin da aka noma a filin bara da bara waccan, da maganin da ya riga ya fesa. Ya miƙa wa malamin gona na gundumarsa ko ofishin shiyya na hukumar aikin gona ta jiha da ke Samarun Kataf cikin kwana ɗaya ko biyu da tonowa.